A Buɗe Mana Hanyar Keke Tsakanin Garuruwan Tarihin Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na san wasu masu karatu za su ɗauka wasa ne, wato yawon buɗe ido a kan keke. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka fara dawowa titunan Sakkwato, amma har yanzu idan aka ga magidanci yana taka feda, abin da ake fara kawowa a rai shi ne ya rasa kuɗin kabu-kabu. Ni malamin labarin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma ra'ayina shi ne jihar nan tana da abin da za a shimfiɗa wa hanyar keke ta ilimi da tarihi, wadda ɗalibanmu za su fara amfana da ita kafin kowane baƙo. Akwai wani yanki a ƙasar Jamus da ya riga mu yin irin wannan aiki, kuma ina ganin ya cancanci mu dube shi da kyau.

A kudancin Jamus, a kan iyakar jihohin Bavariya da Baden-Württemberg, akwai wani zagayayyen kwari da ake kira Ries, wanda faɗinsa ya kai kimanin kilomita 24. A lissafin masana ilimin duwatsu, kimanin shekaru miliyan 15 da suka wuce wani dutse mai faɗin fiye da kilomita ɗaya ya faɗo daga sararin samaniya da gudun da ya kai kusan kilomita 20 a daƙiƙa guda, ya daki ƙasa a wurin, ya narkar da duwatsu, ya yi watsi da ɓaraguzai zuwa nesa, har ana tsintar wani koren gilashi da zafin faɗuwar ya haifar a ƙasar Cek ta yau, ɗaruruwan kilomitoci daga inda abin ya auku. Daga baya ruwa ya cika ramin ya zama tafki, tafkin ya yi ta tara laka har ya ƙafe, ya bar ƙasa mai albarka da ake nomawa har gobe. Wanda ya tsaya a tsakiyar wurin a yau ba wani rami mai ban tsoro zai gani ba, sai shimfiɗaɗɗen fili mai gonaki da ƙauyuka, ga jerin tuddai masu tsayin mita 100 zuwa 150 sun kewaye shi ta kowace fuska kamar bakin akushi.

Mutanen wurin sun daɗe suna zaune a cikinsa ba tare da sanin asalinsa ba, su kuma masana sun fi karkata ga cewa tsohon bakin dutse mai aman wuta ne. Sai a shekarar 1960 wasu masana biyu daga Amurka, Eugene Shoemaker da Edward Chao, suka gano wani ma'adini mai suna kowesayit a cikin duwatsun yankin, wanda a saman ƙasa ba ya samuwa sai an matse yashi da irin ƙarfin da babu wani aman wuta da ke iya kaiwa gare shi. Wannan ya rufe gardamar. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne babbar majami'ar birnin Nördlingen, wadda aka fara ginawa a 1427, da dutsen da faɗuwar ta haifar a yankin aka gina ta, har da hasumiyarta mai tsayin mita 90 da suke kira Daniel. Ashe magina sun shafe shekaru suna sassaƙa hujjar faɗuwar dutsen sama suna jera ta a bango, alhali ba su san abin da ke hannunsu ba. Cikin dutsen ma akwai ƙwayoyin lu'ulu'u, sai dai ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya ganin su, ba su kuma da wata daraja a kasuwa. A watan Agustan 1970 aka kawo 'yan sama jannatin Apollo 14 wurin domin su koyi gane irin duwatsun da za su tarar a duniyar wata, kuma a 1990 aka buɗe gidan tarihin kwarin a wani tsohon rumbu, inda ake nuna wani guntun dutse da aka ɗauko daga watan. A 2022 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren duniya masu muhimmancin ilimin ƙasa.

Shi kansa Nördlingen ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce kimanin 20,000 ba, amma ganuwarsa tana nan tsaye cif, mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi da ƙofofi biyar, kuma mutum yana iya hawa kanta ya zagaye garin da ƙafa ya dawo inda ya fara. Garin ya sha wuya a babban yaƙin da aka gwabza a gefensa a 1634, ya kuma rasa matsayin da yake da shi na cibiyar kasuwanci, to amma wannan koma-bayan yana cikin abin da ya hana a rushe tsofaffin gine-ginensa don neman fili. Har yau akwai mai gadi a saman hasumiyar da ke kira da dare kamar yadda aka gada.

A nan ne keke ya shigo cikin maganar. Tun 1950 Jamusawa suka ƙirƙiro wata hanyar yawon buɗe ido da ta tashi daga Würzburg ta ƙare a Füssen, tana ratsa tsofaffin garuruwa irin su Rothenburg da Dinkelsbühl da Nördlingen da Donauwörth da Augsburg, daga baya suka yi mata reshe na musamman domin masu keke. Akwai kuma wata hanyar da ta haɗa Ries da ƙaramin kwarin Steinheim, mai faɗin ƙasa da kilomita huɗu, wanda ke kimanin kilomita 40 daga can, shi ma dutsen sama ne ya haƙa shi. Dalilin da ya sa keke ya fi dacewa da irin wannan wuri a fili yake ga duk wanda ya taɓa hawa. Wanda ke cikin mota yana tsallake kwarin cikin rabin sa'a bai san ya shiga ba balle ya san ya fita, mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya shafe sa'o'i da yawa. Mai keke shi ne ke jin shimfiɗar fili a ƙafarsa, ya ji feda ta yi nauyi sa'ad da ya fara hawan gefen kwarin wajen Harburg, inda kogin Wörnitz ya keta tuddan ya fita, ya tsaya a wani tsohon wurin fasa dutse ya karanta allon bayani, ya taɓa dutsen da hannunsa. Kuma da yake ba ya iya ɗaukar guzuri mai yawa, tilas ya sayi abinci a ƙauye, ya sha ruwa a ƙauye, ya kwana a ƙaramin masauki, ta haka kuɗinsa ke warwatsuwa a hannun talakawan hanya maimakon su ƙare a babban otal guda.

Mu ma ba baƙin duwatsun sama ba ne. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito, kuma yau gutsattsarinsa suna gidajen tarihi da ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. A Janairun 2008 wani na ƙarfe ya faɗo a nan kusa da birnin Sakkwato, manya da yawa suna tune da ƙarar da hasken da aka gani a daren. A yankinmu na Afirka ta Yamma kuma akwai tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi a Gana, mai cike da ruwa a cikin ramin da dutsen sama ya haƙa kimanin shekaru miliyan ɗaya da suka wuce. Sai dai mu a Sakkwato ba mu da kwari irin na Ries, kuma ba na kiran kowa ya ƙirƙiro abin da babu.

Abin da muke da shi, a ganina, bai gaza nasu ba. Ƙasar da muke takawa daga Dange zuwa Wurno zuwa Gada tsohon gindin teku ce. A wani zamani mai nisa wani hannun teku ya ratso ta inda Sahara take yanzu ya malale wannan yanki, ya ja baya, ya sake dawowa, kowane zuwa yana barin nasa shimfiɗin laka da yashi da farar ƙasa. Masana sun raɗa wa waɗannan shimfiɗu sunayen garuruwanmu: akwai na Taloka, da na Dukamaje, da na Wurno, da na Dange, da na Kalambaina, da na Gamba, da na Gwandu. Ɗalibin ilimin duwatsu a kowace jami'a ta Najeriya yana haddace waɗannan sunaye don ya ci jarrabawa, yaron da aka haifa a Dukamaje kuwa sau da yawa bai san sunan garinsu yana cikin littattafan kimiyya ba. Farar ƙasar da masana'antar siminti ta Kalambaina ke haƙa tun shekarun 1960, asalinta bawon halittun wannan teku ne da suka taru suka daskare.

A cikin shimfiɗin Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai jan ciki, wadda wani masani Bature mai suna Swinton ya fara bayani a kanta a 1930, sannan a 1972 wasu masana daga Italiya ƙarƙashin jagorancin Augusto Azzaroli suka ba ta sunan Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka same ta. A 1975 aka sa wa wani nau'in tsohon kada sunan Sokotosuchus. To ga inda labarinmu ya haɗu da na dutsen sama. Kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce wani dutse da ya ninka na Ries sau da yawa ya faɗa a gaɓar Meziko, ya bar ramin Chicxulub mai faɗin kusan kilomita 180, kuma mafi yawan masana sun tafi a kan cewa shi ne babban sanadin ƙarewar manyan dabbobin wancan zamani, har da dangin Goronyosaurus. Shimfiɗun Dukamaje da Wurno sun kwanta kafin wannan lamari, na Dange da Kalambaina kuma bayansa. Shi ya sa ake samun waɗancan dabbobi a na farko, a na biyu kuwa babu su, sai kifaye da kadoji da kunkuru da katantanwa. Ma'ana, wanda ya hau keke daga Wurno ya nufi Dange ya ratsa iyakar zamuna biyu na tarihin halitta, iyakar da masana ke tafiya ƙasashe masu nisa don su gani.

Na sha kai ɗalibai gefen wani tudu a kudancin birni lokacin da nake aiki. Yaro zai duƙa ya ɗauko wani farin dutse da bai kai tafin hannunsa ba, ya tofa masa yawu ya goge da bakin riga, sai ga zanen bawon katantanwa ya fito sarai da layukansa a murɗe, wani kuma ya tsinci haƙorin kifi baƙi mai sheƙi wanda har yanzu bakinsa yana da kaifi. Tambayar da ke biyowa baya kullum ɗaya ce: "Malam, me ya kawo kifi nan, ga shi ko rijiya sai an yi gaba da yawa kafin a tarar da ruwa?" Darasin da ke shiga kan yaro bayan wannan tambaya ba ya fita, domin gani ya kori ji. Ga wanda ke jin ɗar da irin wannan bincike ta fuskar addini, ina tunatar da shi cewa a aya ta 20 ta Suratul Ankabut an umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fara halitta, kuma malaman da suka kafa wannan daula ba su taɓa ƙyamar ilimin taurari da na magani da na lissafi ba.

Ta fuskar garuruwan tarihi kuwa, ba na jin akwai jihar da za ta nuna mana yatsa. A Degel Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar, daga can ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, a shekarar kuma aka yi karon Tafkin Kwatto. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna a Sifawa kafin ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, Allah Ya jiƙan sa, kuma Hubbarensa yana tsakiyar gari, inda 'yarsa Nana Asma'u ma take kwance. Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Gwandu, mazaunin Malam Abdullahi, tana Jihar Kebbi ta yau, amma tarihi bai san wannan iyaka ba. Kafin su duka akwai Surame, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, wanda kufansa da ganuwarsa ta dutse ke ƙasar Binji, aka ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964. A filin Giginya kuma aka kara da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903. Waɗannan wurare a warwatse suke, kowanne yana zaman kansa, babu wata hanya mai alama da ta ɗinke su ta yadda matafiyi zai bi labarin daki-daki, alhali mutanen da suka yi tarihin da ƙafa da doki da jaki suka bi tsakaninsu, kuma matan 'Yan Taru da ƙafa suke tasowa daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu wurin Nana Asma'u. Gudun keke ya fi kusa da wannan tafiya fiye da gudun mota, shi ya sa mai keke zai fi gane me ake nufi idan aka ce jama'a sun yi hijira da mata da yara da dabbobi a cikin rani.

Idan na tuna ganuwar Nördlingen sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Birnin Sakkwato ma da ganuwarsa, matafiyin nan ɗan Birtaniya Clapperton ya shigo ta cikinta a 1824 ya gana da Bello, ya sake dawowa ya rasu a nan a 1827, kuma Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zo ya gan ta. Yau abin da ya rage mana galibi sunaye ne: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Dundaye. Na san ganuwar ƙasa ba ta jure damina kamar ta dutse, kuma ba na cewa a rushe gidajen mutane don a maido da ita. Amma sunayen nan takwas sun isa su zama zango takwas na zagayen keke na safiya ɗaya, kowace ƙofa da allonta mai bayyana dalilin sunanta da garin da hanyarta ke kaiwa, a haɗa da Hubbare da Masallacin Shehu da Masallacin Bello da Fadar Sarkin Musulmi da gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: wa zai hau keke ya nufi Alkalawa ko Gudu a wannan hali? Matsalar 'yan bindiga ta addabi gabashin jihar, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo har da sassan Wurno, arewa maso yamma ma wajen Tangaza da Gudu ba a kwana da ido biyu rufe. Mutanen da aka raba da gonakinsu ba yawon buɗe ido ne damuwarsu ba, kuma zai zama rashin kunya in yi magana kamar ban san da su ba. Duk wanda ya tura 'ya'yan mutane cikin daji da sunan tarihi, ya ɗauki alhakin da ba zai iya sauke shi ba. Abin da nake cewa shi ne a fara daga inda ake iyawa, wato cikin birni da kewayensa, sannan hanyar Bodinga da Sifawa, da ta Dange, da ta Kalambaina da Wamakko, kowace tafiya bayan an tuntuɓi jami'an tsaro da hakimin yankin, a bar sauran zangunan a rubuce a kan taswira har Allah Ya kawo mana sauƙi. Tsara hanya da rubuta bayanai da horar da masu rakiya aiki ne mai cin lokaci, bai kamata a jira sai ranar da aka samu zaman lafiya sannan a fara neman alƙalami ba.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, wanda ya ce zai yi doguwar tafiya a kan keke a lokacin yana wasa da ransa ne. Lokacin wannan harka shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin rana ta take, a rufe hanci saboda ƙurar hunturu. Lokacin ne kuma fadamun Rima suka fi kyan gani, albasa da tafarnuwa da alkama sun yi kore shar a gefen hanya.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Ana buƙatar alluna masu jure rana, a rubuta su da Hausa, boko da ajami, sannan Turanci a ƙasa, domin idan mutumin garin bai iya karanta allon da aka kafa a ƙofar gidansa ba, ba zai ga dalilin hana yara ɓalle shi ba. Ana buƙatar inuwa da randar ruwa ko famfo a kowane zango, da taswira mai sauƙi da za a buga a takarda a kuma sa a waya. Sauran aikin mutanen hanya za su yi shi da kansu, don masu gyara suna nan tun da daɗewa. A unguwarmu akwai wani dattijo mai faci da ke zama ƙarƙashin dogonyaro da famfonsa da kwanon ruwa da ya yi baƙi. Idan ka kawo masa keke sai ya kifa shi a kan sirdi, ya zare tayar da ƙarfe biyu, ya hura tiyub ya bi shi cikin ruwa a hankali yana juyawa har kumfa ta tashi, ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, ya kankare, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kafin ya manna facin. Kafin ya miƙo maka sai ya bi bayan tayar da yatsa ya zaro ƙayar da ta yi ɓarnar ya nuna maka, yawanci ta aduwa ce ko ta tsaida. Irin wannan mutum shi ne ma'aikacin farko na hanyar da nake magana a kai, bayansa kuma ga mai fura da nono, da mai ƙosai, da mai kilishi, da baduku mai jakar jar fatar akuyar Sakkwato wadda ta yi suna har ƙetare.

Babban abin tsoro ga mai keke a cikin gari shi ne titi. Direban tifa da ɗan kabu-kabu da mai Keke Napep duk suna ganin mai keke a matsayin wanda ya shigo musu gona, kuma mafi yawan titunanmu ba su da kafaɗar da mutum zai raɓa. Jamusawa sun ware wa keke nasa layi, sun kuma bi da hanyoyin yawonsu ta ƙananan hanyoyin gona inda mota ba ta da yawa. Mu ma muna da burtali da hanyoyin burji da ke tsakanin ƙauyuka, waɗanda suka fi babban titi aminci da daɗin gani, ko da yake yashi yakan tilasta wa mutum ya sauka ya tura. A cikin birni kuwa, rufe wasu 'yan tituna na sa'o'i biyu da safiyar Asabar ɗaya a wata, tare da rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, ya isa a gwada abin a gani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, sai dai a wurinmu ranar tana faɗowa a ƙarshen bazara, don haka gara mu zaɓi tamu a cikin sanyi.

Akwai abu biyu da nake so a yi hattara da su tun daga farko. Hubbare da kabarin Bello wuraren ziyara ne da addu'a, mutane na zuwa daga Nijar da Kamaru da sauran ƙasashe saboda girmamawa, don haka duk ayarin da ya isa can ya jingine kekuna a waje, ya shiga da suturar kirki da ladabi, ba da hayaniya da ɗaukar hoto barkatai ba. Na biyu kuma, ranar da aka nuna wa duniya inda ƙasusuwan nan suke, ranar ce dillalai za su fara zuwa da buhu. Dutsen Zagami ya isa misali, domin mafi yawan masu sha'awar ganin sa a yau sai sun je wata ƙasa. Ya kamata a ware ɗaki guda a gidan tarihi na jiha inda za a ajiye abin da aka tsinta, kowanne da sunan garin da aka same shi, a kuma nemi kwafin ƙasusuwan Goronyosaurus daga Italiya, tunda yin irin wannan kwafi abu ne da gidajen tarihi suka saba yi wa juna. Matan da ke haƙar ma'adinai a ƙauyukan Dange da Wurno sun fi kowa sanin inda waɗannan abubuwa suke fitowa, ya dace a sa su cikin tsarin, a biya su ladan abin da suka kawo maimakon a bar su da masu saye a ɓoye.

Kirana yana zuwa ga ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido, da ta ilimi, da sassan tarihi da labarin ƙasa da ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Majalisar Sarkin Musulmi wadda babu abin da zai yiwu a waɗannan wurare sai da albarkarta. Malaman jami'a su rubuta bayanan alluna, hakimai su nuna inda ya dace a kafa su, makarantun sakandare na cikin birni kuma kowace ta fitar da ɗalibai goma da malami ɗaya a yi zagayen ƙofofi takwas a hunturun da ke tafe. 'Yan mata ma kada a bar su a baya. Inda iyaye ba su amince da hawan keke ba, a haɗa su da mota su tarar da ayarin a kowane zango. Idan aka yi wannan zagaye aka ga inda ya yi kyau da inda ya yi tsauri, sai a tsara na Sifawa da na Dange a shekara mai zuwa. Ni da wasu abokaina tsofaffin malamai a shirye muke mu yi rakiya kyauta, kuma duk mai son a tattauna yana iya tuntuɓar mu ta ofishin wannan jarida.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Wani malamin labarin ƙasa mai ritaya,
Sakkwato.